Kwana 21 da jaka a baya, yadda yini yake wucewa a hanyar John Muir

Tunda na dawo tambaya ɗaya ake ta yi min, wai to ku duk yini me kuke yi a cikin duwatsun nan, tafiya kawai? Nakan ce eh tafiya kawai, amma gaskiya amsar bata cika ba, don wanda ya ga hotunan da na ɗora zai ɗauka kullum muna zaune ne a bakin tafki muna kallon ruwa, alhali kallon nan baya wuce minti goma sha biyar a yini, sauran lokacin duk ya tafi ne a kan ƙafa da ruwan sha da nauyin jaka da ɗaga kai ana duba gajimare. Su nake so in rubuta yau tun kafin in fara mantawa, don na lura tun yanzu ƙwaƙwalwa ta fara goge wahalar tana barin kyan kawai, kuma ni wahalar ma ina sonta, bana so ta ɓace.

Ga wanda bai san hanyar ba, tana jihar Kalifoniya ne a Amurka, cikin jerin duwatsun Sierra Nevada. Tana farawa daga wani wuri da ake kira Happy Isles a kwarin Yosemite, ta ƙare a ƙololuwar dutsen Whitney mai tsayin mita 4,421, wanda babu dutsen da ya fishi tsawo a jihohi 48 na Amurka da suke haɗe da juna. Tsawonta kusan kilomita 340, amma kar ka manta in ka kai ƙololuwa ba mota a can, sai ka ƙara wajen kilomita 17 kana gangarowa kafin ka taka titi. An fara aikin hanyar a 1915, shekara ɗaya bayan rasuwar John Muir, marubuci mai fafutukar kare dazuzzuka da aka sa mata sunansa, ba a gama ba sai 1938, kuma tun kafin nan mutanen Paiute da sauran 'yan asalin yankin suna bin waɗannan duwatsu suna fatauci. Shiga ma sai da takardar izini, ana nema tun watanni kafin lokaci ta hanyar ƙuri'a, saboda mutum 45 kawai ake bari su fita daga Yosemite ta mashigar Donohue, wato wurin da hanyar ke tsallaka tsakanin kawunan duwatsu, a kowace rana. Mu biyu ne ni da wani abokina, a watan Agusta, muka yi kwana 21.

Yini yana farawa ne da sanyi. Ko a tsakiyar bazara, in ka kwana sama da mita 3,000 to da asuba zaka iya tarar da raɓa ta daskare a jikin tanti, ka taɓa ka ji tana ƙaras ƙaras. Dalilin ba wani boyayye bane, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, ga iskar wurin busasshiya ce bata riƙe ɗumin rana, rana na faɗuwa ɗumin ke tafiya. Abu mafi wuya a yini gaba ɗaya a wurina shine minti biyar ɗin farko, fitowa daga cikin jakar barci mai ɗumi ka sa rigar jiya da bata gama bushewa daga gumi ba. Bayan kwana huɗu na koyi kwana da safa da rigar gobe a cikin jakar barcin, da batirin waya da matatar ruwa ma, don sanyi yana shanye batir, matatar kuma in ruwan da ya rage a cikinta ya daskare to siraran bututun cikinta suna fashewa ba tare da ka gani ba, ka cigaba da shan ruwa kana ɗauka an tace.

Daga nan sai haɗa kaya, kuma kullum tsari ɗaya ne baya canzawa: a sace iskar katifa, a cusa jakar barci can ƙasa, gwangwanin abinci a tsakiya ya jingina da baya saboda shine mafi nauyi, tanti a gefe, rigar ruwa da abin ciye-ciye a sama inda hannu zai kai da sauri. Ranar farko awa ɗaya da rabi muka yi muna wannan, a sati na biyu minti arba'in har da shan shayi. Kafin mu tashi sai mun juya mun kalli wurin da muka kwana sau ɗaya, ko turken tanti ɗaya aka bari to daren gobe za a ji a jika.

Yanzu bari in tsaya a kan ƙafa, don a nan ne na ga tafiyar mutane tana lalacewa. Ba dutse ke mayar da mutum gida ba mafi yawan lokaci, bororo ne, ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar wake a dunduniya. Yadda yake farawa, zaka ji wani wuri a ƙafarka ya ɗan yi zafi zafi, ba ciwo ba, kamar dai an goga maka abu, to wannan lokacin ne ake tsayawa, ba anjima ba, ba in an kai inuwar can ba. A rana ta uku muna hawa wajen Tuolumne Meadows na ji nawa a bayan dunduniyar hagu, nace bari mu kai rafi tukuna, kafin mu kai rafin fata ta riga ta tashi ta tara ruwa, kuma sai da na yi kwana shida ina lallaɓa wannan wurin, kullum da safe in wanke in bari ya sha iska in manna filasta in sake ɗaure takalmi ta yadda dunduniya ba zata riƙa zamewa ba. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su kawo shi, gogayya da danshi da zafi, in ka cire ɗaya ka tsira. Shi yasa duk hutun rana muke cire takalmi da safa gaba ɗaya, a kakkaɓe yashi, a shanya safar a kan dutse, a sa ƙafa cikin rafi har sai sanyin ya fara cizo. Safa ƙafa biyu nake juyawa, ɗaya a ƙafa ɗaya a rataye a bayan jaka tana bushewa, ta uku kuma ta barci ce kawai, bata taɓa shiga takalmi ba. Kuma duk na ulu ne, auduga kam a dutse bata da amfani, in ta jiƙe bata bushewa kuma janye ɗumin jikinka take yi, hatta riga da wando babu na auduga a jakata ko ɗaya.

Na kai matsayin da nake kallon ƙafafuna da wani irin tausayi, wallahi da gaske nake. Da daddare in haska tocilan goshi in bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, in shafa musu mai, in ga inda fata ta fara kauri. Duk rayuwata ban taɓa kula da su haka ba, kuma su ne suka ɗauke ni da kilo goma sha wani abu a baya har kwana 21.

Ruwa kuma a wannan hanyar Alhamdulillah akwai shi, rafuka da tafkuna ko ina daga narkewar dusar ƙanƙara, matsalar itace lissafi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce cif, in ka cika lita uku saboda tsoro to ka ɗora wa gwiwarka kilo uku a banza, in kuma ka ɗauki kaɗan ka tarar rafin da ke taswira ya ƙafe to ka shiga uku a tsakiyar hawa. Saboda haka kowace safiya sai mun buɗe taswira mun duba ina ruwa na gaba, yawanci lita ɗaya nake ɗauka, in na iso rafi in sha in ƙoshi a wurin sannan in cika. Ruwan garau yake kamar gilashi har kana ganin tsakuwar ƙasa, amma duk da haka sai an tace, saboda akwai ƙwayar cutar giardia da ido baya gani, wadda ke zuwa daga kashin dabbobi da na mutane, kuma bata nuna kanta sai bayan sati ɗaya ko biyu, ta zo da gudawa da kumburin ciki a lokacin da kake nesa da kowa. Zaman tace ruwa yana cin lokaci, ka tsuguna a bakin rafi kana matsa jaka hannu yana daskarewa sauro yana bin wuyanka, amma a irin zaman nan ne na fi ganin abubuwa, kifi yana tsaye cikin ruwa yana fuskantar inda ruwan ke zuwa, barewa ta fito ta sha a ɗaya gefen bata ko damu damu ba.

Wani lokacin kuma ruwan ne a gabanka sai ka tsallaka. Rafin Evolution ba gada, shiga ake yi. Mu a Agusta ya sauka, bai wuce gwiwa ba, amma waɗanda ke zuwa farkon bazara a shekarar da aka yi dusar ƙanƙara da yawa suna tarar da shi da ƙarfin da zai iya tafiya da mutum. Ka'idar da muka bi: a kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji don in ka faɗi ka iya zame ta, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, sanduna biyu a ƙasa, a matsa ƙafa ɗaya bayan ɗaya a gefe a gefe, kuma ba a shiga ba takalmi don duwatsun ƙasan santsi garesu. Da safe ruwa ya fi sauka, saboda da rana ne ƙanƙarar sama ke narkewa ta ƙaro shi zuwa yamma.

Abin da ke tsara yini gaba ɗaya dai shine mashiga, wato wurin da hanya ke haurawa ta tsallaka tsakanin kawunan duwatsu biyu ta faɗa wani kwarin. A rabin hanyar na kudu kusan kullum ko bayan kwana biyu akwai ɗaya: Muir, Mather, Pinchot, Glen, sai babbarsu Forester mai mita 4,009. Dokar da kowa ya sani itace ka tsallaka kafin azahar. Safiya garau take ba ko ɗigon gajimare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ka ga 'yan farare sun fara taruwa a kan tsaunuka, kafin ƙarfe biyu sun yi baƙi sun yi tsawo, sai tsawa. Kuma can sama ba bishiya ba komai, kai ne abu mafi tsawo a wurin da sandunan ƙarfe a hannu.

Ranar Pinchot mun makara, mun tashi a gajiye muka yi ta jan jiki, wajen ƙarfe ɗaya saura kamar awa ɗaya mu kai sama sai muka ga walƙiya ta farko. Abokina ya fara ƙirge da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har goma sha biyu kafin ƙarar ta iso, kuma tunda sauti yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, kenan tana kilomita huɗu daga inda muke. Ta biyu tara ya ƙirga. Bamu yi wata muhawara ba muka juya, muka gangara duk abin da muka sha wahalar hawa har inda 'yan gajerun bishiyoyi suke, muka ajiye sanduna can gefe, muka sa rigunan ruwa muka zauna nesa da juna kaɗan. Sai ƙanƙara ta sauko, ƙanana kamar tsakuwa tana buga hula tana tsalle a kan duwatsu, cikin minti goma ƙasa ta yi fari fat. Na ji zafin juyawar nan sosai a lokacin, don hawan da ka riga ka yi ka sake shi yana da ciwo, amma ina zaune ina jin yadda ƙasa ke amsawa duk sanda aka yi tsawa na san daidai muka yi. A nan muka kwana, washegari ƙarfe takwas muna sama rana tana haskawa kamar ba abin da ya faru.

Shi kansa hawan wani abu ne daban. Akwai wani tsohon lissafi na wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, tun 1892, cewa ka ba kanka awa ɗaya a duk kilomita 5, ka ƙara awa ɗaya a duk mita 600 na hawa. Lissafin yana da kyau amma na mutum ne mai ƙarfi mara kaya, mu da jaka a sama da mita 3,500 sai mun ƙara masa kusan rabi. A wannan tsayin iskar da kake shaƙa bata wuce kashi biyu cikin uku na wadda ke bakin teku ba, saboda haka zaka ga ƙafa tana da sauran ƙarfi amma ƙirji ya ƙi. Wata dattijuwa da muka haɗu da ita a ƙasan Mather, a inda ake kira Golden Staircase, wanda shine yanki na ƙarshe da aka gama sassaƙawa a hanyar, ita ta gyara min tafiya. Ta ganni ina saurin hawa ina tsayawa ina haki, ta ce in rage taki har ya zama kamar wasa, in daidaita numfashi da ƙafa, in miƙe gwiwar baya na ɗan lokaci a kowane taki don ƙashi ya ɗauki nauyin tsoka ta huta. Na gwada, na ga ashe wanda baya tsayawa ko da a hankali yake ya riga mai gudu yana hutawa isa. Ita da furfurarta ta rigamu kaiwa sama da kusan minti ashirin, muka tarar da ita zaune tana cin gyaɗa ta miƙo mana.

Ciwon kai na tsayi shima ya taɓa ni kwana biyun farko da muka haura mita 3,000, da rashin barci da rashin son abinci, amma tunda hanyar daga arewa a hankali take ɗaga mutum, jiki ya saba kafin a kai manyan mashigun. Wannan na cikin dalilan da yasa mutane da yawa suka fi son farawa daga Yosemite maimakon su fara da Whitney ranar farko.

A mashigar Muir akwai wata bukkar dutse zagayayya da ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta gina a 1930, duwatsu ne aka jera har rufin. Na shiga na zauna shiru na ɗan lokaci, cikin duhu da sanyi da ƙamshin tsohon dutse, ina tunanin mutanen da suka yi aikin nan a wannan tsayin da hannu da alfadarai.

Sai abinci, wanda daga sati na biyu shi ne hirar kowa. Mai irin wannan tafiyar yana ƙona abin da ya kusa ninka na zaman gida, kuma ba yadda za a yi ka ɗauki abin da zai maye gurbinsa duka, saboda haka kullum kana cikin 'yar yunwa. Abin da ake nema shine mai nauyi kaɗan da ƙarfi da yawa, busassun abubuwa da masu maiƙo: garin ots da madarar gari da safe, gyaɗa da busassun 'ya'yan itace da cakulan a aljihu ana ci ana tafiya, cuku da siririn burodi da rana, taliya ko garin dankali da daddare a zuba mai a kai. Girki kuwa tafasa ruwa ne kawai a ɗan rishon gas, kuma a mita 3,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90, shi yasa abin da zai nuna a minti biyar a ƙasa sai ya ja lokaci, sai mu zuba ruwan mu rufe tukunya mu naɗe ta da riga mu jira. Hura wutar itace a can sama haramun ne a dokar wurin, don 'yan bishiyoyin da ke wannan tsayin shekaru masu yawa suke ɗauka kafin su girma.

Kuma duk abincin nan dole ya shiga cikin gwangwani ɗaya mai tauri da dabbar beyar bata iya buɗewa, doka ce, ma'aikatan daji suna iya tsayar da kai su duba. Ba abinci kaɗai ba, duk abin da ke da ƙamshi, man goge baki, man shafawa, har sharar ledojin da ka ci. Da daddare a rufe shi a kai shi nesa da tanti a ajiye a fili, ba kusa da rafi ko gangara ba don kar ta mirgina shi ya tafi. Gwangwanin shi kaɗai ya fi kilo ɗaya kuma baya lanƙwasa a jaka, kowa yana ƙorafinsa, amma ni na yarda da dokar ɗari bisa ɗari, saboda beyar da ta saba da abincin mutane tana daina tsoronsu, ƙarshenta kuma harbe ta ake yi, laifin wani ya hau kanta. Mu bamu ga beyar ido da ido ba sai sawunta a laka wata safiya, taku kaɗan daga gwangwanayenmu. Waɗanda suka dame mu su ne wasu dabbobi masu ƙiba kamar gafiya da ke zaune a kan duwatsu, ka ajiye jaka ka juya baya sun fara tauna maɗaurinta saboda gishirin gumi.

Wurin ƙaro abinci na ƙarshe a kan hanya shine Muir Trail Ranch, kusan tsakiyar tafiyar, inda kake aika bokitinka ta gidan waya makonni kafin ka iso. Daga nan har ƙarshe sama da kilomita 160 ba wani wurin saye a kan hanyar, sai dai ka fita ta mashigar Kearsarge ka sauka gari ka dawo. Mu bamu fita ba, muka cusa abincin kwana tara, aka fasa kowace leda aka fitar da iska aka danna da hannu. Akwai bokitai jere a wurin da matafiya ke zuba abin da ya yi musu yawa, kowa ya ɗiba kyauta, a nan na ga mutane manya masu aikin yi suna murna kamar yara don sun samu ƙullin madara. Na rataya jakata a sikelin wurin ta nuna kilo 18, kuma na ji kowane ɗaya a hawan yammacin ranar.

Maganar bayan gida ma sai an faɗa tunda kullum ne. Ana tafiya kamar taki 70 nesa da ruwa da hanya, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a gama a rufe, takardar da aka yi amfani da ita kuma a sa a leda a tafi da ita. A yankin Whitney ko ramin ba a yarda ba saboda dutse ne zalla ga mutane da yawa, wata jaka ta musamman ake amfani da ita a sauko da komai. Ba daɗi, amma duk wanda ya taɓa zuwa wuri mai kyau ya tarar da farar takarda tana leƙowa daga ƙarƙashin dutse ya san dalili, ni dai raina ɓaci yake in na gani.

Yamma ita ce lokacin da na fi so. Wajen la'asar sakaliya ake fara neman wurin kwana, inda wasu suka taɓa kwana ƙasa ta riga ta daddale, ba kan ciyawa ba, ba dab da ruwa ba, ba kuma can ƙasan kwari ba don a nan sanyi ke taruwa da dare. A kafa tanti, a ɗebo ruwa, a goge jiki da tsumma, a sa busassun kayan barci, kuma wannan lokacin da ka cire takalmi ka sa safa mai tsabta bansan da me zan kwatanta shi ba. Muna cin abinci rana tana faɗuwa, kawunan duwatsun su koma ja kamar garwashi na 'yan mintuna sannan su yi toka. Ba sabis a waya kusan duk hanyar, kwana ukun farko hannuna yana ta zuwa aljihu da kansa, daga baya ya daina. Hira ma raguwa take yi, ni da abokina akwai yinin da bamu yi magana ta minti talatin ba in an haɗa, kuma ba faɗa muka yi ba, kowa ya san abin da zai yi ne kawai. Ƙarfe takwas kowa ya kwanta. In fitsari ya tashe ka tsakar dare ka fito kana rawar sanyi, ka ɗaga kai ka ga taurari sun cika sama har wani farin zane ya ratsa ta tsakiya, sai ka tsaya duk da sanyin.

Daren ƙarshe a tafkin Guitar muka yi shi, a gindin Whitney. Ƙarfe biyu na dare muka tashi, ruwan gorata ya fara daskarewa a baki, muka kama hawa da tocila, in ka ɗaga kai sai ka ga fitilun waɗanda suka rigamu suna lanƙwasa a jikin dutsen ɗaya bayan ɗaya. A mahaɗar hanya muka ajiye manyan jakunkuna muka ƙarasa kilomita ukun ƙarshe da ruwa da riguna kawai, bayana har wani iri yake ji saboda rashin nauyi. Mun kai sama gari yana wayewa, iska tana yanka fuska, muka sa hannu a littafin da ke jikin ɗakin dutsen da ke ƙololuwar, muka zauna a bayan wani dutse muka raba cakulan ɗaya da muka ɓoye tun kwana tara. Saukowar ce ta fi cin gwiwa, sama da mita 1,800 a yini ɗaya, lanƙwasa bayan lanƙwasa har ka daina ƙirgawa. Da muka iso Whitney Portal, inda titin mota yake, da yamma na zauna a kan wani benci na cire takalmi, na buɗe gwangwanin don in zubar da shara, abin da ya rage a ciki na ci ƙullin shayi ɗaya ne da sukarin da bai kai cokali biyu ba.